Bijimin Baba Tumba a Labaran Ƙarfe Bakwai

Ku da kuke shigowa shagon nan da waya a hannu kuna ce min yanzu kowa ɗan jarida ne, ku ja benci ku zauna. Ban ce ƙarya kuke yi ba. Ɗaukar bidiyo kam ta zama ta kowa, ko kakata da tana raye da ta ɗauka. Wahalar tana farawa ne lokacin da wani ya miƙo maka abin da ya ɗauka, edita tana kiranka daga Yola tana cewa saura minti arba'in a rufe labarai, kai kuma kana zaune kai kaɗai za ka yanke abin da duniya za ta gani da abin da ba za ta gani ba. Ni Hamman, wanda unguwar Lokuwa ta nan Mubi ta sani da Hamman Bidiyo, na haura shekara ashirin a kan wannan aiki. Zan gaya muku inda na iya, in kuma gaya muku inda na kwafsa.

Aikina na farko bikin aure ne a Vimtim, ina bin Oga Danladi da fitila da igiyar wuta. Kyamarar wancan zamani a kafaɗa ake ɗora ta, batirinta kamar bulo, idan ka wuni da ita washegari ba ka iya ɗaga hannu ka sa riga. Oga Danladi gajere ne mai faɗa, ya taɓa aiki a gidan talabijin kafin ya buɗe shago. Shekara biyu ina wurinsa bai bar ni na taɓa maɓallin ɗauka ba. Abin da ya sa ni kullum shi ne kallo. Kowane kaset sai na kalle shi sau uku: da sauti, sannan a kashe sautin, sannan in juya wa talabijin baya in saurara kawai. Da muka dawo daga Vimtim na yi kallona uku na ce masa komai lafiya. Ya mayar da kaset baya, ya tsayar, ya dungure min kai. Can bayan masu rawa, a gefen hoto, ga wani dattijon coci ya kafa kai a ƙwaryar burkutu. Oga ya ce ango ne ya kira mu, dattijon nan bai kira mu ba, kuma kaset ɗin gida-gida zai zaga. Ya sa na yanke wurin da hannuna.

Da wayoyi masu kyamara suka cika gari, Oga ya riga ya ajiye aiki, shago ya dawo hannuna. Wani gidan talabijin yana neman wanda zai riƙa turo masa hotuna daga Mubi, aka haɗa ni da editarsu, Madam Rifkatu, mace mai saurin magana wadda ba ta gama gaisuwa take tambayar me ka samo. Kayan aikina suka koma kwamfuta ɗaya, janareta, abin karanta memori, da modem da sai na fita bakin ƙofa na ɗaga shi sama kafin ya kama. Sai ya zama rabin abin da nake turawa ba ni na ɗauka ba. Abu yana faruwa a Mubi, kafin in ɗaura takalmi wani ya riga ya ɗauke shi da waya.

Wata rana wani mai babbar riga ya shigo yana haki, wai ga harin da aka kai bayan gari da safen nan, in tura maza kafin wasu su riga ni. Na sa a kwamfuta. Muna tsakiyar damina, ciyawa har gwiwa, amma a bidiyonsa ƙasa ta bushe ƙamas. Na tsayar a kan wani allon shago, rubutun Faransanci ne. Na tambaye shi wa ya ɗauka, ya ce ƙaninsa. Ina ƙanin? Ya ce to, a gaskiya abokin ƙanin ne. Da na matsa, ashe a wurin mai cajin waya aka tura masa. Ya fita yana zagina wai na raina shi. Irinsa na gani ba iyaka. Wani suna yake nema, wani maƙwabcinsa yake so ya tozarta, wani kuma tsakaninsa da Allah ya yarda da abin da aka tura masa. Shi ya sa tambayata ta farko ba ta canzawa: hannun wa ya riƙe wayar? Idan ban zauna da mai hannun ba, ba na turawa.

Doka kuma lauyar gidan ce ta koya min, ta waya, da tsawa. Na taɓa tura bidiyon wani da ake duka a kasuwa na rubuta ɓarawo. Ta kira ni ta ce wace kotu ce ta ce ɓarawo ne? Ta ce idan mutumin nan ya kai ƙarar ɓata suna, da ni da gidan za mu tsaya gaban alƙali, wanda ya kawo min bidiyon kuwa yana gida yana shan shayi. Ita ta fahimtar da ni cewa bidiyo mallakar wanda ya ɗauka ne, ba na wanda ya kawo ba, kuma ta aiko min da takarda da mai ɗauka zai sa hannu ko ya dangwala cewa ya yarda a nuna. Fuskar yaro ba a nunawa. Gawa ba a nunawa, balle tun danginta ba su ji ba, don na ga matar da ta san mutuwar mijinta a wayar wani a cikin keke mai ƙafa uku, ba na so in sake gani. Duk wannan na iya shi, har wakilai daga wasu garuruwa suna kirana in duba musu. Na riƙa ji da kaina, ba zan ɓoye muku ba.

Sai shekarar da gari ya faɗa hannun 'yan bindiga. Ba sai na ba ku labarinta ba, da ƙafafunku kuka yi gudun. Ni abin da na fita da shi ma'ajiyar kwamfuta ce a aljihu da iyalina a gaba. Da muka dawo na tarar an fasa shago, janareta ya tafi, sai na sayi wani tsoho mai shan mai kamar rami. Cikin gari ya lafa, amma ƙauyuka ba su lafa ba. Manya suna ta faɗa a rediyo cewa an share ko'ina, kowa ya koma gona, mutanen ƙauye kuma suna zuwa suna gaya mana a kunne cewa mutanen daji suna nan suna wucewa. Ba mai hujja, kuma ba a labari da wai-wai.

Farkon daminar da ta biyo, da hantsi, Baba Tumba ya shigo. Manomi ne a Betso, asalinsa daga duwatsun Michika, na san shi don ni na ɗauki bikin 'yarsa. Ya jira shago ya watse, sannan ya kwance wani tsumma ya fito da ƙaramar waya, ya ce 'yar ce ta saya masa ta koya masa inda ake dannawa.

"Ɗana, akwai abu a cikin waya nan. Ka saka shi a telebijin, soja su gani. Amma kar wani ya sani ni ne."

Bidiyon bai kai minti ɗaya ba. Ta ɓular danga aka ɗauka. Ga mutane da bindigogi, rana tsaka, suna kora garken shanun sata suna tsallaka mayo, wato rafin da ya bi ta bayan ƙauyen. Jiya-jiya abin ya faru. Na san dutsen da ke baya, na san mashigar, ciyawa sabuwa ce daidai lokacin, kuma ga mai hannun zaune a gabana. A shekarun da na yi ban taɓa riƙe abu mai ƙarfin wannan ba. Na karanta masa takarda da Hausa, ya dangwala. Na yi masa alkawari ba wanda zai gane shi. Ya ce zai shiga kasuwa ya sayo wa shanunsa kanwa ya dawo.

Na kira Madam Rifkatu, ta kusa fasa min kunne. Ta ce yau-yau za a sa, a labaran ƙarfe bakwai, kuma ta ji ƙishin-ƙishin wani gidan yana bin labarin. Na zauna na yi kallona uku. A sauraro na ji numfashinsa, na ji yana addu'a a hankali da yaren Kamwe, na ji matarsa daga nesa tana kiran sunan jika. Na cire sautin gaba ɗaya. A kallo na ga samari biyu na ƙauyen da aka tilasta wa kora shanun. Na rufe fuskokinsu, don idan aka gan su a haka gobe za a ce 'yan ƙungiya ne. Saman wani rumbu ya leƙo ta dama, na yanke shi. Na goge sunan fayil da duk bayanan da waya take liƙawa. Aiki ne mai kyau, ko yau na duba ba na jin kunyar wannan ɓangaren.

A kusurwar ƙasa ta hagu, cikin danga, akwai kan wani farin bijimi a ɗaure a turke yana tuƙa, ƙahonsa ɗaya ya lanƙwasa ƙasa. Na gan shi sarai. Har na ji daɗinsa, na ce ya ba hoton rai, mai kallo zai san ƙauye ne na gaske. Ni ɗan cikin gari ne, a wurina sa dai sa ne. Madam ta kira sau huɗu, na fita bakin ƙofa na ɗaga modem, bidiyo ya tafi.

Baba Tumba ya dawo da kanwarsa a buhu ya tambaye ni ko na rufe duka. Na ce na rufe. Na riga na kashe janareta, mai yana wuya, kuma tayar da tsohon nan sai ka ja igiya har kafaɗa ta yi tsami. Saboda wannan kaɗai ban kunna na nuna masa abin da na tura ba. Shi ma yana sauri ya kama hanya kafin a rufe ta da magariba. Muka yi sallama.

An sa shi, ya kuma tashi gari. Wasu gidajen suka kwafa ba izini, kafin safiya yana cikin kowace waya a Mubi. Da safe jami'an tsaro suka gayyace ni. Ba su taɓa ni ba, amma sun ajiye ni a benci tun safe har azahar, tambaya ɗaya: wa ya ɗauka? Na ce aikina bai yarda in faɗa ba, ga lambar lauyarmu. Suka juya ta ta nan, suka juya ta ta can, na tsaya a kan bakana. Da suka sallame ni na fito ina taku ɗai-ɗai, ina jin yau na cika ɗan jarida.

Ranar tike ce, kasuwar shanu ta cika, na biya in ci tuwo a rumfar da na saba. Ina wanke hannu sai Bappa Sali ya zauna kusa da ni. Tsohon dillalin shanu ne, Bafulatani, ya san ni tun ina bin Oga Danladi. Muka gaisa, ya yi ƙasa da murya.

"Hamman, jiya na ga bijimin Tumba a telebijin."

Na ce wane Tumba? Ya dube ni kamar na yi masa rashin kunya. Ya ce shi ya sayar masa da san shekara uku da suka wuce, farin nan mai karyayyen ƙaho, duk tike ba wanda bai san shi ba. Ya ce tun safe maganar da ake yi kenan a rumfunan dillalai. Sannan ya faɗi wanda ya fi muni: wasu baƙi biyu, irin masu kawo shanu da araha ba a tambayarsu daga ina, sun zaga suna tambayar na wane ne sa mai ƙaho a ƙasa. Kuma wani mai bakin surutu ya riga ya ba su amsa.

Na tsorata, tsoron da ban ji irinsa ba ko ranar gudu. Rabin wuni na zauna a benci ina ɓoye sunan mutum, alhali tun jiya da ƙarfe bakwai na riga na faɗa wa duk wanda ya san shanu.

Bappa Sali bai tsaya yi min faɗa ba. Ya samo wata a-kori-kura ta ɗaukar dabbobi muka kama hanyar Betso. Mun tarar da Baba Tumba a gona yana huɗa, garma a hannu, ga farin bijimin da ɗan'uwansa a gaba suna ja. Rabin gonar ya yi kunya-kunya, rabi ko taɓawa ba a yi ba. Ni na gaya masa da bakina, ban bar wa Bappa ba. Ya saurara har na gama, ya dubi san, ya dube ni.

"Ba ka ce ka rufe duka ba?"

Na ce na rufe mutane. Na roƙe shi ya bar ƙauyen yau. Ya ce shi ba inda za shi, ruwa ya sauka, iri yana ɗaki, idan ya bar gona yanzu me iyali za su ci? Ya ce shekarar gudu ma ya dawo ya tarar da rumbu wayam, ba zai sake ba. Bappa Sali ya zauna a kan kunya ya yi masa magana a hankali, irin ta dillalai, ya kwatanta masa baƙin nan biyu har irin takalmansu. Matarsa ta zo daga gida ta tsaya tana ji, ita ce ta yanke maganar. Ta ce ita da jikoki yau za su kwana a Mubi, in ya so ya zauna shi da garmarsa.

Shanun ne suka zama matsala. Ba zai iya tafiya da su ba, don duk inda farin nan ya tsaya an san inda Tumba yake. Bappa ya ce a ranar akwai tirela mai tafiya kudu, zai sa su a ciki kafin magariba. Baba Tumba da kansa ya kwance musu karkiya, ya ja su har bakin mota. Farin ya ƙi hawa, sai da ya shiga gaba ya kira shi sannan ya hau. Garmar a nan tsakiyar gona aka bar ta.

Kwana huɗu bayan haka mutanen daji suka zo. Ba su taɓa gidan kowa ba, kai tsaye gidansa suka nufa, suka tarar ba kowa, suka cinna masa wuta har rumbu. Ba a daɗe ba kuma aka kawo sojoji aka ajiye a mashigar mayon, abin da ya nema tun farko. Mutanen Betso suka yi nomansu a wannan shekara, suka girbe. Kowa ya girbe sai shi.

Na kira Yola na faɗi abin da ya faru. Madam ta sa aka sauke bidiyon daga shafinsu. Amma na cikin wayoyin mutane wa zai sauke? Lauyar ta duba ta ce ta fuskar doka ba abin da ya taɓa mu, ya dangwala, an rufe fuskoki, an cire murya, ba a faɗi suna ba. Gaskiya ta faɗa. Na ajiye waya ina jin haushin takardar nan kamar in yaga ta, alhali ba ita ta ƙi tayar da janareta ba.

Tun daga ranar na ƙara kallo na huɗu, kuma ba ni nake yin sa ba. Duk wanda ya kawo min bidiyo, bayan na gama tacewa, sai ya zauna a kujerar nan ya kalli abin da zan tura daga farko har ƙarshe, in tambaye shi: a garinku, me za a gane? Za ku sha mamaki. Wata ta nuna min zanen da aka shanya a igiya, ta ce anko ne na bikin gidansu. Wani ya ce a cire karen nan, duk unguwa an san mai shi. Wani kujerar babur ce da aka ɗinke da jar roba. Ni da idona na gari ko shekara zan yi ina kallo ba zan gan su ba. Idan mai bidiyo ba zai iya jira ba, to labarin ya jira shi. Sau da yawa wasu gidajen sun riga mu, Madam ta yi ta faɗa, na bar ta ta gama. Tun daga lokacin ba wanda ya sake barin gidansa saboda abin da ya fita daga shagon nan, kuma da wannan nake bugun ƙirji a gaban kowane ɗan jarida.

Baba Tumba yana nan Lokuwa, a ɗaki ɗaya a gidan surukinsa, yana gadin wata makaranta. Ƙauye ya lafa amma bai koma ba, ya ce waɗanda suka nuna gidansa ba daga daji suka zo ba. Wata da watanni idan ya hango ni sai ya canza hanya, ni ma ban matsa masa ba. Sai wata rana da rana ya shigo, ya zauna a bencin da kuke kai, ya ce shi fa har yau bai taɓa ganin abin da aka nuna ba. Na tayar da janareta na kunna masa.

Bai dubi masu bindiga ba ko sau ɗaya. Idonsa yana kusurwar ƙasa. Da ya ƙare ya ce in mayar, na mayar, ya ce in tsayar, na tsayar. Ga farin nan yana tuƙa, ƙaho a ƙasa. Na ce masa, Baba, da na nuna maka ranar nan, da ka gani? Ya ce ko jikarsa ƙarama da ta gani. Ban san me zan yi ba, sai na kama linzamin kwamfuta na ce bari in rufe shi yanzu, ko a kwafin da ke wurina ne. Ya riƙe min hannu.

"Yanzu kuma? Bar shi. Gida ya ƙone, gona ya tafi, hoto nashi ko ɗaya ba ni da shi. Ka wanke min wannan a takarda, babba."